Goro da Fumfunar Huhun Inna

Innarmu ba ta cin goro, duk Toranke an san haka. In an kawo mata na biki ko na suna sai ta karɓa ta yi godiya, ta ƙulle a bakin zane, in ta fita ta miƙa wa wata tsohuwa. Cewa take ɗacin duniya ma ya ishe ta. Ni ce na sa ta fara ci bayan ta haura sittin, kuma ba da hannu na ba ta ba, da baki ne. An ce baki shi ke yanka wuya. To nawa bakin ba wuyana ya yanka ba.

Ciwon ya soma ne da tarin fuka. Ta sha maganinsa wata shida cur, aka ce ta warke, muka yi ta hamdala. Bayan kamar shekara biyu tari ya dawo, wannan karon da jini-jini a kakinta. Ni ce autarta, ni kaɗai ce kuma na yi nisa a boko, lokacin ina Kano ina shirin fara digiri na biyu a fannin sinadaran jikin halittu. Na buga wa yayana waya, shi ne babbanmu, shi ke riƙe da gida da gona tun rasuwar Baba, na ce ya sako min ita a mota. Inna ba ta jure mota ko kaɗan. Daga Ajingi zuwa Gaya ta yi amai, kafin Wudil ta sake, ta iso Kano tana cewa wallahi in ta koma gida ba mai ƙara fito da ita.

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ya nuna min da bakin biro.

“Malama, kin ga nan? Tarin fuka ya tafi, amma ya bar kogo a saman huhun dama. Fumfuna ce ta shiga kogon ta zauna. Ga ta nan, ta dunƙule kamar ƙwan zabuwa.”

Yaya ya ce, “Fumfuna? Irin ta tuwon da ya kwana uku?”

“Danginta ce. Wannan ta fi son harawar da ta jiƙe da ɓawon gyaɗa da aka jibge. Kowa yana shaƙarta kullum, ba ta yi wa mai lafiya komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.”

Na tuna Inna kowace safiya tana kaɗe harawa tana zuba wa awakinta, wani abu kamar hayaƙi yana tashi, tana kawar da kai tana ci gaba da aikinta. Tun ina goye take wannan.

Likitan ya rubuta mata kafso, safe da yamma, ya ce wata da watanni za ta yi tana sha, ko ta ji sauƙi kada ta kuskura ta daina. Maganin ba ya samuwa a wajenmu, sai Yaya ya riƙa zuwa Kano duk ƙarshen wata yana karɓa a hannuna. Kafson yana tayar mata da zuciya, ƙafafunta suka kumbura, abinci ya daina yi mata daɗi. Amma jinin ya tsaya. Wannan kada a manta, don ni na kasa mantawa: da tana shan kafson nan, jinin ya tsaya.

Da aka ce mu zaɓi abin da za mu yi bincike a kai, ban yi shawara da kowa ba. Na ce wa malamina fumfunar nan nake so, ita da ke cin uwata.

Bari in faɗi abin da na koya, don har gobe ina iya zana shi ido rufe, ko da yake bai tsinana min komai ba. Jikin fumfuna zare ne siriri, kowane zare kuma yana da bango. Abin da ke ƙarfafa bangon sunansa kaitin, shi ne dai ke sa ɓawon fara da na kyankyaso tauri. In ka ga gininsa, carbi ne sak: ƙwayoyi iri ɗaya a jere, kowace a ɗaure da ta gabanta. To mai son faɗaɗa gida sai ya fasa katanga. Don haka fumfuna take yin wani sinadari, irin waɗanda muke kira inzayim, aikinsa kawai yanka carbin nan. A jikinsa akwai wani dogon lungu. Carbin yana shiga ya kwanta a ciki, a ƙasan lungun kuma akwai wasu shimfiɗaɗɗun zobba da ƙwayoyin ke mannewa a kansu, ɗaya bayan ɗaya. In ya riƙe da kyau, sai ya lanƙwasa ƙwaya ɗaya ta fita daga kamanninta. Ita ƙwayar tana da wani ɗan hannu a gefe, da an lanƙwasa ta sai hannun ya juyo ya doki gindin ɗaurinta, shi kuma inzayim ya ɗiga tsami daidai kan ƙullin. Ƙulli ya tsinke, ruwa ya zo ya ƙarasa. Ƙwaya biyu su faɗi, carbin ya matso gaba, a sake. Kamar mai rake a tasha, yana tura sanda yana sara gaɓa biyu-biyu.

Tunanina shi ne, in aka samu abin da zai riga carbin shiga lungun ya zauna daram, fumfuna ba za ta iya fasa katangarta ba, ba za ta yaɗu ba. Ba ni na fara wannan tunanin ba, amma na ɗauke shi kamar gadon gidanmu.

Kaitin ɗin da muke gwaji da shi da hannuna nake haɗawa. In sayo jatan lande wajen masu kayan miyar kudu, in ɓare, in jiƙa ɓawon a ruwan tsami, in wanke, in shanya, in daka ya zama farin gari. Wata uku mayafina yana ƙarni, a mota mutane suna matsawa. Sai kuma na karanta cewa sinadarin nan da ke cikin goro da shayi, wanda ke hana barci, shimfiɗaɗɗe ne shi ma, yana iya kwanciya a kan zobban lungun. Na samo tsantsarsa, farin gari a ƙaramar kwalba, na gwada. Yankan ya ragu. Ranar har rawa na taka a ɗakin gwaji, ni kaɗai.

Cikin wannan ɗokin na tafi gida Babbar Sallah.

Washegarin Sallah da la'asar muna tsakar gida, matan unguwa sun shigo gaisuwa, ana suyar nama, ga faifan goro a tsakiya. Yaya ya shigo ɗaukar wuƙa. Shi mutum ne mai tsokana, ni kuma tun ina ƙarama ba a taɓa ni in yi shiru.

Ya ce, “Auta, wai har yanzu ɓawon jatan landen kike dakawa? Mu da ba mu yi boko ba, ko gyaɗa muka daka mai take fitarwa. Ke me naki ya fitar?”

Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce ai karatun 'yan yanzu ba ya ƙarewa, sai dai mai yi ya ƙare. Raina ya ɓaci, na ji kunnuwana sun yi zafi. Na miƙa hannu na zare carbin Inna daga cinyarta, na lanƙwasa tafin hannuna na hagu, na kwantar da carbin a ciki.

Na ce, “Yaya, tsaya ka gani, tunda ka tambaya. Wannan bangon abin da ke ƙirjin Inna ne. Hannuna kuma wuƙarsa ce. Haka take kamawa, haka take lanƙwasawa, nan take yankewa, biyu-biyu. In ba ta yanka ba, abin ba ya girma. In wani abu ya shiga nan ya toshe, ina carbin zai kwanta?”

Ya ce, “To an samu mai toshewar?”

Na ɗauki goro ɗaya daga faifan na ɗora a tafin hannuna, inda carbin yake.

“Ga shi nan. Akwai sinadari a cikinsa. Da hannuna na gwada, yana shiga ya toshe.”

Mata suka leƙo suna kallon tafin hannuna. Sai wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta tafa hannu ta ce, “Allahu Akbar! Ashe maganin yana bakin ƙofa muna ta zarya Kano!” Yaya ya ɗauki wuƙarsa ya fita. Inna ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ce da matar Yaya a ƙara wa Auta hanta.

Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi rabin gaskiyar ba. Ban ce a kwalba na gwada ba, ba a huhun mutum ba. Ban ce riƙon da sinadarin yake yi sako-sako ne ba, yana shiga yana fita. Ban ce yawan da na zuba a kwalbar, in da zai taru a jinin mutum, zuciyarsa ce za ta tsaya kafin fumfunar ta ji a jikinta ba. Duk na san wannan a lokacin. Na ji dattijuwar nan da kunnena, na kuma gane inda ta dosa. Kalma biyar ta isa in gyara. Amma na ci Yaya a gaban mutane, daɗin ya yi min yawa, na ce a raina gobe na yi musu bayani. Washegari da sassafe na bi motar Kano.

Damina ta sauka. Ƙarshen wata Yaya bai zo karɓar magani ba. Na kira, ya ce akwai saura, ga shuka ta riƙe shi. Wata na gaba ya ce ciyawa ta ci ƙarfinsu, amma ya ba wani direba sautu. Wane direba, daga wane kanti, ban tambaya ba. In na ce a ba ni Inna, sai ta ce, “Lafiya lau, Auta. Ƙafar ma ta saɓe. Ki yi ta karatunki.” Na yarda, domin yardar ta fi min sauƙi, aiki ya sha min kai.

Aikin kuma a lokacin yake rushewa. Na shuka fumfunar a faranti, na zuba mata sinadarin, na ƙara, na sake ƙarawa. Kwana uku sai in tarar ta rufe farantin, kore-kore, ko a jikinta. Na sake sau ba adadi, ina zargin hannuna, ina zargin wutar da ake ɗaukewa. Malamina ya zo ya duba, ya ce, “Ba hannunki ba ne. Irin wannan inzayim ɗin tana da shi fiye da kala goma. Kin toshe ƙofa ɗaya, gidan kuma ƙofofi ne da shi. Ki rubuta haka, shi ma sakamako ne.” Na ce to. Na koma masauki na yi kuka don digirina. Wallahi don digirina na yi kukan, Inna ko zuwa raina ba ta yi ba.

Sai da aka fara cirar gyaɗa na je gida. Na yi sallama, na tarar da ita a kan tabarma a inuwar ɗaki, na ɗauka wata baƙuwa ce. Ta rame, wuyanta ya zama kamar kara. Ta yi min murmushi sai na ga haƙoran nan da ta yi shekara sittin tana alfahari da farinsu sun yi jawur. A gefenta ga ƙwarya an rufe da jiƙaƙƙen tsumma, na buɗe, goro ne fal. Hannunta yana rawa. Matar Yaya ta ce ai ba ta barci yanzu, kuma ƙirjinta yana bugawa, amma an ce alamar maganin yana aiki ne.

Na shiga ɗakinta na hau bincike kamar mahaukaciya. A cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa, na samu kafson da na bayar tun kafin Sallah, ko rabi ba a sha ba. A bayan gado kuma na samu tsummokaran da take tari a ciki, ta cusa don kada a gani. Sun bushe sun yi baƙi.

Na fito na tari Yaya a zaure, ya dawo daga gona ko fartanya bai ajiye ba.

“Kashe ta za ku yi? Wata huɗu ba magani! Wane jahilci ne wannan?”

Ya dube ni ya ce, “Jahilci? Auta, waye ya ɗora goro a hannu a gaban mata ya ce ya gwada? Ni na yi boko? Duk ranar kasuwar Ajingi sai na je na zaɓo mata mai kyau da kaina. Har daga Kademi an aiko ana tambaya. Ke kika faɗa, muka yarda da ke.”

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, ranar Yaya ya kayar da ni. Magana zarar bunu ce.

Washegari muka ɗauke ta zuwa Kano, wannan karon ko ƙorafin mota ba ta da ƙarfin yi. Likitan ya ɗora sabon hoto kusa da tsohon. Ba sai ya nuna min da biro ba. Kogon ya faɗaɗa, ga wani ya buɗe a gefensa, huhun hagu ma ya fara. Na tambaye shi aiki fa, a yanke wurin a cire. Ya ce da a bara ne da an duba yiwuwar haka, yanzu jikinta ba zai ɗauka ba, kuma babu isasshen huhun da za a bar mata. Za a koma kan magani, a yi addu'a. Ya tambaya me ya sa aka daina. Yaya ya dubi ƙasa. Ni na ce, “Kuskure aka samu a gida.” Ko a nan ban iya cewa nawa ba ne.

An kwantar da ita kwana tara. Wata rana da hantsi, Yaya ya fita neman abinci, ina shafa mata mai a ƙafa, na daure na ce, “Inna, ki yafe min. Goron nan ba magani ba ne. Ban yi muku bayani daidai ba.”

Ta ce, “Na sani.”

Na ɗago.

“Jiki magayi, Auta. Tun wata guda da farawa jinin ya dawo. Na san ba ya yi.”

“To don me ba ki koma kan kafson ba? Yana nan a kwallarki! Don me ba ki faɗa min ba?” Har na ɗaga mata murya, a gadon asibiti, Allah ya yafe min.

Ta jira tarin ya lafa, sannan ta ce, “Duk gari an ji 'yata ta gano magani. Mata suna shigowa suna kallona ina ci, suna sa miki albarka. Waɗanda suka ce ubanki ya yi asarar kuɗin makaranta, da ƙafarsu suka zo. In na tura yayanki Kano karɓo na Turawa, me na ce ke nan? Na ce ƙarya kika yi.” Ta gyara kwanciya. “Na ce bari in ɗan ƙara haƙuri, ko kya ƙarasa binciken ki kawo na gasken.”

Babu na gasken. Ban gaya mata ba, amma babu, kuma ba a hannuna zai fito ba. Na san yadda wuƙar fumfunar take kamawa, na san inda take lanƙwasawa da inda take sara, na san sunan kowane zobe a lungun nan. Ban san yadda zan mayar wa uwata da huhunta ba. Na kifa kai a kan ƙafafunta na yi ta kuka, ita ce ma take ba ni haƙuri, tana cewa in yi a hankali kada masu jinya su ji.

Ta ce a mai da ita gida, muka mayar. Ta koma shan kafson, ni nake ba ta da hannuna, na zubar da goron a bola. Kafson ya ɗan rage mata, bai tare komai ba. Kafin wata daminar, ran wata Talata da safe, tana zaune tana kallon awakinta, jinin ya zo gaba ɗaya. Kafin a samo mota ta cika.

Ranar sadakar uku gida ya cika da mata. Ina zaune a ƙuryar ɗakinta, sai ga dattijuwar nan maƙwabciyarmu ta matso kusa da ni. Ta yi min gaisuwa, ta yi wa Inna addu'a mai tsawo, sannan ta rage murya.

“'Yar nan, malam ne, maigidana. Wata biyu ke nan yana tari, jiya na ga jini. Nawa ake ci a rana?”

Na kama hannayenta biyu. Na ce, “Iya, ki dube ni. Na rantse da Allah goro ba ya maganin tari. Ni na faɗa, kuma kuskure na yi, shi ya kai Inna inda take. Ku kai shi asibiti gobe, a gwada kakinsa, a ɗauki hoton ƙirji. Gobe, Iya, ba jibi ba. In babu mai raka ku ni zan raka ku.” Ina magana ina ɗaga murya, har matan da ke bakin ƙofa suka juyo.

Ta yi ta gyaɗa kai tana shafa min baya, tana cewa in yi haƙuri, zafin rashi ne, kowa ya san ita marigayiya ta makara ne da farawa, ba laifina ba ne. Ta gyara lulluɓinta za ta tashi, sai ta sake sunkuyowa daidai kunnena.

“To shi ke nan, na ji. Amma fari ya fi, ko ja?”